Amsa ga Baban Sadiq: shekara 15 ba makara ba ce a ƙwallon kwando

Wa'alaikumus salam Baban Sadiq. Ka ce yaronka ya kai shekara 15, ya fi kowa tsayi a ajinsu, gola yake yi a ƙwallon ƙafa, yanzu kuma ya nace sai kwando, kana tambaya ko bai makara ba. Na buga wasan nan a Zariya tun ina sakandare har gwiwa ta ce ya isa, daga baya na ɗan riƙe yaran unguwa da atisaye, don haka bari in sa baki.

Da na karanta tambayarka, Hakeem Olajuwon ne ya faɗo mini. A Legas aka haife shi a 1963, kuma shi ma gola ya fara yi, ya haɗa da ƙwallon hannu. Sai yana kusan shekarun Sadiq ya taɓa ƙwallon kwando. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka, wajen koci Guy Lewis. To nan ne wurin da masu ba da labarinsa suke tsallakewa: shekararsa ta farko ko wasa ɗaya bai buga wa jami'ar ba, ta biyu kuma yawanci daga benci yake tasowa. Tsayi kam akwai, ƙafa 7 ake rubuta masa, amma wasan bai zauna masa ba tukuna.

Abin da ya gyara shi dogon hutun ƙarshen shekarar karatu ne. Ya riƙa zuwa wani ɗakin wasa a Houston mai suna Fonde, inda Moses Malone, babban ɗan wasan Rockets (ƙungiyar Houston a NBA, babbar gasar kwandon Amurka) a lokacin, yake atisaye. Kullum ya tsaya gaban wanda ya fi shi ƙarfi da wayo, ya sha ture da gwiwar hannu, gobe ya dawo. Ni ma na ga irin haka a ƙaramin filinmu. Yaron da ke zaɓar sa'anninsa don ya yi ta jefawa ana tafi, bayan shekara biyu yana nan inda ka bar shi. Wanda ya yarda manya su wahalar da shi, cikin wata shida sai ka kasa gane shi.

Bayan haka Houston ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'i sau biyu a jere, ta kuma faɗi duka biyun. A 1983 North Carolina State ta ci su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, amma duk da haka shi aka ba kyautar gwarzon gasar. A 1984 Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su. A shekarar ne Rockets ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, Michael Jordan ya zo na uku. Kofi kuwa sai da ya jira shekara goma. A 1994 ya haɗu da Ewing ɗin nan a wasan ƙarshe da New York, inda wanda ya fara cin wasa huɗu ke ɗaukar kofi, aka kai wasa na bakwai, ya rama. A 1995 suka sake ɗauka, suka share Orlando ta Shaquille O'Neal huɗu ba ko ɗaya. Har yau shi ke riƙe da tarihin tare ƙwallon da aka jefa wa kwando a NBA, sau 3,830.

Kada ka raina golan da Sadiq yake yi. Juyin nan na Hakeem da ake kira Dream Shake, ya yi kamar zai bi dama, mai tsaronsa ya tashi sama, shi kuma ya sulale hagu, aikin ƙafa ne zalla, kuma shi da kansa yana danganta shi da ƙwallon ƙafar yarintarsa. A kaset ɗin bidiyo muka fara ganinsa, muna mayar da shi baya har kaset ɗin ya fara cin zare. Dogayen yaran da suka zo hannuna, matsalarsu ɗaya ce: ƙafa nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Wanda ya taɓa tsaron gida ba ya zuwa da wannan ciwon.

Ka kuma yi maganar azumi. Hakeem yana azumi yana buga NBA, kuma a Fabrairun 1995, da Ramadan ya kama, shi aka zaɓa gwarzon watan. Sai dai fa nasu ɗaki ne mai sanyi da likitoci a gefe, namu siminti ne da ranar Arewa. Mu bayan Tarawihi muke yin mai nauyin, kafin shan ruwa kuwa jifa kawai, ba gudu.

Gaskiya guda, Baba: masu kaiwa NBA 'yan ƙalilan ne, kuma ƙofar da Hakeem ya bi ta jami'a ce, don haka takardun makarantar Sadiq su yi kyau. Ka nema masa takalmi mai riƙe idon sawu, ka kai shi filin da manya suke bugawa da yamma, ka gaya wa kocin gola ne. In kuna kusa da Zariya ka yi mini magana ta akwati, in ga yadda yake taka ƙafa.