Kada ki ƙwace masa sukundireban

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta tambayarki kan ɗanki mai shekara 11, wanda kika ce ya kwance miki tocila biyu da rediyo, ga shi makinsa na lissafi sai ƙasa yake yi, kina neman shawara ko ki hana shi kwata-kwata. Shekarata 17 ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma amsata ita ce a'a, kada ki hana shi. Amma kada ki sake shi haka kawai.

Akwai wani yaro da na koyar, kullum yana bencin baya, littafinsa fari fat. Wata rana na ga hankalinsa yana ƙarƙashin tebur, na ce ya miƙo abin da ke hannunsa. Ɗan ƙaramin injin da ke juya tayoyi ne, ya ciro shi daga wata lalatacciyar motar wasa, ya ɗaura masa ƙwan LED (ɗan ƙaramin ƙwan fitila irin na tocila) da zare. Na ce ya murza. Ya kama bakin ƙarfen injin da yatsu biyu ya murza da ƙarfi, ƙwan ya yi wal ya mutu. Ajin ya yi tsit. Na ce masa, "Babu batir, daga ina wutar ta zo?" Ya ce, "Malam, ni ma abin da ke damuna ke nan." Wannan maganar ce ta sa na san ba ɓarna yake yi ba. Yaron da ɓarna kawai yake yi, yana fasa abu zai watsar ya tashi. Wanda kansa ke aiki kuwa zai tsaya yana juya abin, yana son ya mayar da shi yadda yake. Ki zauna ki lura da naki, za ki gane wanne ne.

Abin da ɗalibin nan nawa ya gani shi ne abin da masanin kimiyya Michael Faraday ya gano a Landan a 1831: idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, wuta za ta gudana. Maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya ne a cikin ɗan injin nan, kuma janareta a kan wannan take aiki har yau. Na gaya masa Faraday bai yi wani dogon karatu a makaranta ba, yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, sai ya riƙa karanta waɗanda aka kawo gyara, kuma duk gwajin da ya yi sai ya rubuta. Nan na kafa masa sharaɗi, kuma shi nake ba ki: duk abin da zai kwance, sai ya zana shi tukuna a littafi na musamman, ya ƙirga notinansa, ya rubuta abin da yake zaton kowane sashe ke yi. Babu rubutu, babu sukundireba.

Lissafin da kike tsoro ta nan yake shigowa. Batir na tocila volt 1.5 ne (volt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta). Guda ɗaya ba zai kunna farin LED ba, don yana bukatar kusan volt 3, sai an jera biyu kai da gindi. Yaron da ya ƙi tarawa da ninkawa a allo, da kansa zai yi su idan ƙwansa ya ƙi kamawa. Ba zan ce miki ɗalibina ya koma na ɗaya ba, amma littafinsa ya cika, kuma ya daina ɓuya idan an zo lissafi.

Sai dai akwai inda ba na sassauci. Kada ya taɓa duk abin da ake sakawa a soket, ko an cire shi. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana riƙe wuta a cikinta bayan an kashe ta, tana iya yi wa babba ma illa. Batirin waya kuma idan aka huda shi ko aka lanƙwasa yana iya kamawa da wuta. Ƙananan batura masu kama da maɓalli ki kawar da su idan akwai ƙannensa, don haɗiye su yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

Ki ware masa kwali guda na kayan da suka mutu, ki ce waɗannan nasa ne, na gida kuma sai da izini. Ku fara da ƙusa babba: ya naɗe ta da siririyar wayar jan ƙarfe mai rufi, ya haɗa da batir ɗaya na ɗan lokaci (wayar tana zafi), ƙusar za ta zama maganaɗisu, ya ga allura nawa za ta ɗauka. Sai ya ninka naɗin, ya sake ƙirgawa, ya rubuta duka biyun. In ya gama ki turo mana hoton shafin, ina son in ga abin da ya samu.