Amsa ga mai tambaya kan malaman masu bishara

Salama gare ku 'yan'uwa. Ɗana, tun shekaranjiya na ga tambayarka, inda kake cewa tunda Ruhu Mai Tsarki ne ke sa mutum ya tuba, me ya sa tsofaffin masu bishara ba sa buɗe baki sai sun ce "malaminmu ya ce", alhali malamin ya daɗe da kwanta dama. Ina cikin tsofaffin da kake nufi, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Gaskiyarka, ba malami ke juya zuciya ba. Amma sabon tuba a hannun mutum yake faɗawa, mutumin nan kuwa wani ne ya rene shi.

Dubi ƙasarmu. Turawan ƙungiyar mishan ta SIM, John Hall da Gordon Beacham, sun sauka Kaltungo a 1917, lokacin da gwamnatin Turawa ba ta cika barin 'yan mishan su yi aiki a ƙasashen sarakunan Musulunci ba. Turawan ba su da yawa. Waɗanda suka bi ƙauyukan Tangale da Waja da duwatsun Tula da ƙafa, yaran gida ne da aka koya wa karatu, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ƙungiyar aika masu bishara da muke kira EMS ta soma a 1948, tun kafin ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Malamina a hannun irin waɗannan ya tashi, ni kuma a hannunsa, a wata makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa a kudancin Gombe. Lokacin ma duk muna jihar Bauchi, ba a cire Gombe ba sai 1996.

Darussansa na aji, ban riƙe ko rabi ba. Abin da ya zauna mini shi ne ƙa'idarsa ta shiga gari. Yakan ce ka fara gaida mai gari, ka roƙi gona, ka je jana'iza da suna, ka koyi gaisuwa da yaren mutane, kada ka yi gaggawar wa'azi. Ya hana mu zagin addinin kowa. In kuma wani ya zo ya ce zai bi Yesu, kada ka tashi da murna ka kai rahoto, ka zaunar da shi ka tambaye shi inda zai ci tuwo gobe. A lokacin ina ganin wannan rashin bangaskiya ne. Sai da aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Bauchi na gane.

Wani saurayi ya zo mini da dare, ya ce ya ba da gaskiya. Cikin sati guda aka karɓe gonarsa, iyayen yarinyar da zai aura suka mayar da kaya. Abokan aikina suka ce a ɗauke shi a kai shi birni. Na ƙi, domin malam ya sha gaya mana cewa raba yaro da ubansa ba aikinmu ba ne. Na riƙa zuwa gaida uban. Sau uku ana cewa ba ya nan, ga takalmansa a ƙofar zaure. Ban daina ba. Yaron ya yi fiye da shekara a ajin baftisma, yana noma tare da ni, yana kai wa uwarsa itace. Uban bai taɓa shiga majami'a ba har ya rasu, amma ya mayar masa da gonar.

Yaron nan yanzu shi ma yana koyar da masu bishara. Na taɓa zama a bayan ajinsa, na ji yana tambayar ɗalibai inda sabon tuba zai ci tuwo gobe. Bai taɓa ganin malamina ba, ko hotonsa.

Sai dai ba alheri kaɗai ake gada ba, kuma nan ne tsararrakina ba sa son a taɓa. Malamina ya tsani ganga, ya ce kayan tsafi ce, haka aka koya masa. Ni ma na ɗauka ban tambaya ba. A ƙauyen nan akwai wani dattijo makaɗi da ya fara zuwa sujada, yana zama can baya kusa da ƙofa. Wata Lahadi ya zo da gangarsa don ya raka waƙa, na ce ya fitar da ita waje. Ya fita da ita, bai sake dawowa ba. Yau zumuntar mata a majami'ar nan da ganga da tulu suke waƙa, jikokinsa biyu na cikin masu kaɗawa, ni kuwa duk lokacin da na ziyarce su sai in rasa inda zan sa idona.