Tambayoyinku Kan Waya: Cire Manhaja Bai Rufe Maka Akawun Ba

Ina cikin zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, surutu ya ishe ni. In na fita kowa zai gani? Wata ɗaliba, Angwan Rogo

Ƙanwata, fita abinki. Tun 2022 admin kaɗai ake sanar wa. Sai dai sunanki zai yi kwana 60 a jerin waɗanda suka fita, mai bin diddigi zai gani. Saƙonnin da kika tura a baya kuwa suna nan a wayoyinsu.

Na gaji da Facebook, na cire manhajar daga wayata, layin da na buɗe da shi ma na yar. Na rabu da su ke nan ko? Wani tela, Bauchi Road

Haba Malam! Shago ka kulle ka bar makulli a bakin titi, kaya na ciki. Hotunanka da lambarka da hirarrakinka suna kwamfutocin kamfanin, cire manhaja bai taɓa ko ɗaya ba.

Layin nan da ka yar shi ya fi tayar mini da hankali. Kamfanonin waya suna sake sayar da lambar da ta daɗe ba a amfani da ita. Wani zai saye ta a kasuwar Terminus ta Jos, ya ce wa Facebook ya manta kalmar sirri, lambar tabbatarwa ta faɗo wayarsa, shi ke nan ya shiga. Washegari yayarka ta ga saƙo ɗauke da hotonka, wai kana asibiti, a turo kuɗi. Kwastomomin da ka ɗinka wa kayan Sallah ma ba za su tsira ba, kuma sunanka za a zaga.

Koma ka shiga Facebook ɗin tun ba a sayar wa wani lambar ba. Sauke kwafin bayananka tukuna, musamman hotunan ɗinki. In kana da shafin shago, miƙa shi ga wani. Duba manhajojin da kake shiga ta Facebook, ka sauya musu hanyar shiga. Sannan ka zaɓi gogewa. Dakatarwa ɓoye akawun kawai take yi, komai na nan a ajiye. Bayan ka nemi gogewa akwai kwana 30 na canza shawara, kuma a nan yawancinku kuke faɗuwa, a leƙa hotunan biki a fasa. Daure. Share komai daga rumbunsu kan ɗauki har kwana 90, amma saƙon da ka aika wa wani yana akwatinsa.

Wannan haƙƙinka ne a doka. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka damar neman a goge bayananka, kuma akwai hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, a Abuja da ke karɓar ƙorafi.

Kullum ina faɗa muku: ku sami ɗan littafi ku rubuta kowane akawun da layin da aka buɗe shi da shi, banki, imel, WhatsApp, duka. Kada a yar da layi sai an cire shi daga kowannensu.

Na daɗe ban buɗe Gmail ɗina ba, yana nan? Wani ɗan kasuwa, Bukuru

Alhaji, buɗe shi yau. Tun Disamba 2023 Google na iya goge akawun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, har da hotuna da lambobin da ka adana a ciki.