Ga Malamin da Ya Tambaya Kan 'Ya'yanmu Masu Karatun Muhalli a Amurka

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ka tambaya ko gaskiya ne cikin 'ya'yanmu na nan Amurka akwai masu karanta kimiyyar muhalli har su shiga aikin tsara manufofin sauyin yanayi da makamashi, kuma ko ana cin abinci da shi. Akwai su, amma ba yawa. Iyaye a nan sun fi son a ce ɗansu likita ne ko nas ko injiniya, don aikin da za a iya faɗa a wajen suna ba tare da dogon bayani ba. Wanda ya zaɓi muhalli sai ya sha tambayar dattawa ko shara zai riƙa kwashewa.

Ana farawa da digirin farko na shekara 4, kuma abin da muke gaya wa yaran shi ne su riƙe fanni mai tsauri, kamar kemistiri ko fiziks ko ilimin ƙasa ko injiniyanci, su haɗa da ƙididdiga da sarrafa bayanai da manhajojin kwamfuta irin su Python ko R. Wanda ya guji lissafi ya tsaya ga surutun muhalli kaɗai, da wuya a saurare shi gaba. Digiri na biyu yawanci da kuɗin aljihu ko bashi ake yinsa. Digirin digirgir kuwa, mai cin shekara 5 zuwa 6, a fannin kimiyya jami'a ce ke ɗauke kuɗin makaranta ta kuma ba da alawus, ɗalibi yana koyarwa ko yana taya farfesa bincike. Shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi a cikinmu kan tsallake na biyun.

Daga nan takarda ke raba hanya. Yaron da aka haifa a nan ɗan ƙasa ne, yana iya neman aiki a hukumar kare muhalli ta EPA, wadda aka kafa a 1970, ko ma'aikatar makamashi. Yana kuma iya neman gurbin ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta Amurka, wato AAAS, da tun 1973 take tura masana su yi shekara guda a majalisar dokoki ko wata ma'aikata. Wanda ya zo da bizar ɗalibi ba shi da wannan damar. Wata 12 ake ba shi ya yi aiki bayan kammalawa, a ƙara masa 24 idan fanninsa na kimiyya ne, sai ya nemi jami'a ko kamfani ko cibiyar bincike da za ta tsaya masa.

Aikin kansa ba irin wanda kake zato ba ne, na farar riga da kwalabe. Mafi yawansa mayar da bincike ne zuwa lamba ɗaya da za a gina doka a kanta, sannan a kare lambar. Ɗauki ƙiyasin ɓarnar da tan guda na iskar kabon ke jawowa. A wa'adin Trump na farko an sa shi tsakanin dala 1 zuwa 7. A 2021 ya koma dala 51, a 2023 EPA ta kai shi 190. Iskar ba ta canza ba. Cikin manyan abubuwan da suka canza akwai guda biyu: ko ɓarnar cikin Amurka kaɗai za a ƙirga ko ta duniya duka, da kuma yawan rangwamen da ake yi wa asarar da sai jikoki za su gan ta. Rage wannan rangwame daga kashi 3 zuwa 2 cikin ɗari kaɗai yana ɗaga lambar sosai. Haka iskar mitan: in aka auna ta a shekara 100 ta ninka kabon wajen sau 30 a ɗumama duniya, in a shekara 20 ne kuwa wajen sau 80. Masanin da bai bayyana wane ma'auni ya ɗauka ba, lauyoyin kamfanoni za su yi masa kaca-kaca.

Kuma lauyoyin suna nan tafe, domin kowace sabuwar ƙa'ida sai an wallafa daftarinta, a ba jama'a kwana 30 zuwa 60 ko fiye su yi sharhi, hukuma ta amsa duk sharhi mai ma'ana a rubuce. In ta yi sakaci, kotu ta rushe aikin shekaru. Wani lokacin ma ba laifin lissafi ba ne. A 2007 Kotun Ƙoli ta ce EPA na da hurumin kayyade iskar da ke ɗumama duniya, a 2022 kotun ta taƙaita wannan hurumi a kan tashoshin wutar lantarki.

Siyasa ce babban ciwon kan sana'ar. Amurka ta fice daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a 2020, ta koma a 2021, aka sake ba da umarnin ficewa a Janairun 2025, kuma kowane juyi yana tafiya da kuɗin bincike da guraben aiki. Don haka masu wayo a cikin yaranmu kan karkata ga jihohi, musamman Kalifoniya, ko hukumomin da ke yanke farashin wuta, inda masani ke ba da shaida da rantsuwa kan ko a gina tashar gas ko ta hasken rana. Rubuta rahoton IPCC da ka ambata kuwa, wato kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, suna yake kawowa kawai. Gwamnatoci da wasu ƙungiyoyi ne ke gabatar da sunan mutum, kuma ko sisi ba a biyan marubutan.