Amsa ga mai son ƙera ƙaramin kan jirgin ƙasa mai tafiya da tururi

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce kana da ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe da injin huda, ba ka taɓa ƙera injin tururi ba, kana son sanin ko ka fara da Tich tunda shi ne ƙarami, kuma ko bututun jan ƙarfe na masu gyaran AC da sandar waldarsu za su yi maka tukunya.

Shawarata kada ka fara da Tich. Zane ne mai kyau na LBSC, wani Bature ɗan Ingila, na dogo mai faɗin inci uku da rabi, kuma ƙanƙantarsa ce ke jawo sababbin shiga. Amma kwal yake ci, murhunsa kuwa bai kai tafin hannu ba. Wuta ƙarama haka ba ta da haƙuri: ka ƙara cokali ɗaya fiye da kima ta shaƙe, ka yi jinkiri ta mutu. Ga tukunyarsa mai bututu da yawa a ciki, ga buƙatar dogon layi da za ka zauna a baya yana janka. Abin da zai kai ka ga ganin hayaƙi cikin watanni shi ne kan jirgi mai ƙafa huɗu, na dogo mai faɗin milimita 45 ko 32, mai tukunya ta bututu ɗaya da ake hura wa wuta daga ƙasa. Nemi zanen da aka riga aka buga aka kuma gwada, ka bi shi sau da ƙafa, musamman wajen tukunya.

Kafin ma ka taɓa jirgin, ka ƙera ɗan injin tebur mai silinda ɗaya mai lilo. Aikin sati ɗaya ko biyu ne, kuma zai koya maka huda silinda ta fita sumul, da goge fuskar da tururi ke shiga har ta kwanta. Ana goge ta a kan takardar yashi mai lamba 600 sannan 1200, a shimfiɗe bisa gilashi, da ɗan mai, hannu yana zana lamba takwas. Idan ka riƙa gogawa gaba da baya kawai, gefuna za su cinye, tsakiya ta yi tozo, tururi ya riƙa tsiyaya ta nan.

A jirgin kansa, fara da gangar jiki da ƙafafu, tukunya ta zo daga baya. Faranti biyu na gefe, ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya da rabi, ka haɗa su ka ɗaure da ƙananan noti a wuraren da za a yanke daga baya, ka huda su tare, ka goge su tare da magagari. Idan ka huda kowanne daban, ramukan aksil ba za su yi daidai ba, kuma babu gyaran da zai raba ka da wannan ciwon. Tazarar ramukan sandar da ke haɗa ƙafar gaba da ta baya dole ta zama daidai da tazarar aksil biyun, don haka ka yi ɗan faranti na gwaji mai ramuka biyu, ka huda duka ta cikinsa. Tsakanin bayan ƙafar dama da bayan ta hagu a kan aksil ɗaya, milimita 40 ne a dogon 45, milimita 28 a dogon 32.

Wurin da yawancin masu farawa ke tuntuɓe shi ne saita ƙafafu. Maƙalin sanda na ƙafar dama yana gaban na hagu da digiri 90, domin lokacin da fistin ɗaya ya kai ƙarshen tafiyarsa ba shi da ƙarfi, ɗayan yana tsakiyar turawa. Ba lallai ya zama 90 cif ba, amma abin da aksil na gaba ya samu, shi na baya zai samu, ba ƙari ba ragi. Alamar kuskure a bayyane take: ka tura jirgin da yatsa a kan tebur, ya tafi sumul, sai ya ɗan cije a wuri ɗaya, kowane zagaye a wurin nan. Kada ka faɗaɗa ramin sanda don ya saki, ƙara kawai za ka samu da saurin cinyewa. Cire ƙafar ka sake saitawa. Shi ya sa gam irin Loctite 603 ya fi a buga ƙafa da guduma, yana ba ka ɗan lokaci ka daidaita, kuma zafi yana sake shi.

Silinda biyu masu faɗin ciki milimita 10 zuwa 14 sun isa. Ga bawul, zaɓi tsari mafi sauƙi, wanda ake tura jirgin gaba kaɗan ya ɗauki gaba, a tura shi baya ya ɗauki baya. Tsarin bawul mai sarƙaƙiya da ake kira Walschaerts ya dakata sai jirgi na biyu. Idan ka gama, gwada da iska daga kwamfiresa irin ta masu faci, ka rage ta. Injin da aka yi da kyau zai juya a hankali a kan psi (ma'aunin ƙarfin matsi) 10 zuwa 15, gaba da baya, da bugu huɗu masu tazara ɗaya a kowane zagaye. Idan sai ya kai 30 yake motsi, akwai inda ya cije, kuma tururi ba zai warkar da shi ba.

Yanzu tukunya, inda nake roƙonka ka natsu. Ruwa a psi 40 ya haura digiri 140 na zafi, kuma idan tukunya ta tsage, wani ɓangarensa yana zama tururi nan take, ya watso sauran a fuskar duk wanda ya sunkuya kallo, yawanci yara. Jikinta jan ƙarfe ne zalla marar ɗinki, faɗi kamar milimita 50, kauri yadda zane ya ce, galibi 1.2 zuwa 1.6. Bututun AC siriri ne, zai yi maka layin tururi kawai. Kada ka yi tukunya da tagulla mai ruwan ɗorawa, wadda aka haɗa da zinki: ruwan zafi yana tsotse zinkin a hankali, ya bar ƙarfe mai kama da soso, yana da kyau a ido amma yana murmushewa. Mazaunan da ake ɗaura bawul da geji mai nuna ƙarfin tururi a kansu ma a yi su da tagullar da aka haɗa da kuza.

Sandar masu gyaran firiji da AC kuwa, ta jan ƙarfe ce da fosfaras. Haɗinta yana da gautsi, kuma sulfa da ke cikin hayaƙin kwal tana cinye shi, shi ya sa masu duba tukwane a ƙungiyoyin Ingila ba sa yarda da ita. Dalmar masu gyaran rediyo ma ba ta cikin lissafi, tana narkewa a wajen digiri 185, kuma ta yi laushi tun kafin nan. Abin da ake so waldar azurfa ce, mai kashi 55 cikin ɗari, marar kadmiyam, wadda ke narkewa tsakanin digiri 630 da 660. Tana da tsada, amma 'yan sanduna kaɗan za su gama tukunya irin wannan. Bar rata kamar milimita 0.05 zuwa 0.1 a haɗin, don ta nan azurfar ke tsotsuwa. Goge ƙarfen ya yi ƙyalli, shafa hodar walda da aka dama da ruwa, kewaye aikin da bulo mai jure wuta, ka gasa tukunyar gaba ɗayanta da babbar wutar gas. Hodar za ta yi fari, ta kumbura, sannan ta narke kamar ruwa. A lokacin ne za ka taɓa sandar a jikin ƙarfen, zafin ƙarfen ya narkar da ita. Idan harshen wuta ne ya narkar da ita, za ta dunƙule a sama kamar ɗigon kitse, cikin haɗin kuwa fayau. Bayan ta huce, jiƙa ta a ruwan sinadarin tsami irin na lemo, ka leƙa ciki ka ga zoben azurfa ya zagaye haɗin ta ɗaya ɓangaren.

Gwajin farko da ruwa ake yi, ba da iska ba. Cika ta maƙil, ba kumfar iska ko ɗaya, ka matsa da ƙaramin famfon hannu har ninki biyu na ƙarfin aiki, wato psi 80 ga tukunyar da ke aiki a psi 40, ka bar ta wasu mintuna kana duban geji da haɗe-haɗe. Ruwa ba ya matsuwa, don haka idan ta gaza ɗigo za ka gani. Iska kuwa fashewa za ta yi. Sannan gwajin tururi: wuta a cike, bawul ɗin kariya ya buɗe a 40, kada allura ta wuce 44.

Wajen wuta, yanayinmu yana da nasa sharaɗi. Sifirit da lagwani uku ya fi sauƙin ƙerawa, amma harshensa ba ya ganuwa a rana tsaka, kuma iskar hunturu tana kaɗe shi daga ƙarƙashin tukunya, sai ka yi masa garkuwar faranti. Ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa. Idan gas ka zaɓa, butan zalla na gwangwani ake sawa. Kada ka ɗura gas ɗin girki a ƙaramin tankin, domin yana iya ƙunsar furofen, wanda a zafin digiri 40 irin na watan Afrilu ƙarfinsa ya ninka na butan fiye da sau uku. Ko wanne ka ɗauka, auna tankin yadda wuta za ta ƙare kafin ruwa.

Ruwan rijiyar burtsatse yana barin farin ɓawo a ciki ya toshe bututu, ka yi amfani da ruwan sama da aka tace ko tataccen ruwa. Cika kashi uku cikin huɗu, tururi ya samu wuri. Man silinda na tururi ne mai kauri, mai lamba 460, man mota ruwan zafi wanke shi yake yi. Ranar kunnawar farko jirgin zai yi ta tofar da ruwa ta bututun hayaƙi yana cijewa, saboda silinda na da sanyi tururi yana komawa ruwa a cikinta. Kada ka tilasta masa. Buɗe tururi kaɗan, ka tura shi gaba da baya sau biyar ko shida da hannu har silinda ta ɗumama, fuskarka nesa da bakin bututun.