Me ya sa ba a su a Matan Fada sai an fasa ruwa?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce abokanka na yi maka dariya, wai mu mutanen Argungu tsafi ne ya hana mu kamun kifi a Matan Fada sai ranar biki. To, saurara.

Gulbin nan da ya gangaro daga Sakkwato ya ratsa mu, shi ke ciyar da garin nan. In damina ta yi nisa sai ya malale fadama, kifi ya bi ruwan ya zuba ƙwai cikin ciyawa, manomi kuma ya samu shinkafarsa. Da ruwa ya janye, kifin sai ya tattaru a gurbi mai zurfi irin Matan Fada. In aka bar kowa ya faɗa masa kullum, ina za a ga giwan ruwa da sai ƙato biyu sun ɗaga? Shi ya sa ake rufe wurin, Sarkin Ruwa na tsaronsa, sai an yi al'adar gyaran ruwa, sannan fashin ruwa, wato buɗe ruwan a shiga kamun kifi. Ban ɓoye maka ba, da can akwai yanke-yanke a ciki. Amma kakanninmu sun san halin kifi sarai.

Ina yaro na sha ganin kakanka tun da asuba ranar biki yana gyaran homarsa ta kamun kifi, gora a hammata, bai cewa kowa uffan. Da an buga bindiga, ƙurar mutane kawai za ka gani, sai kawuna cikin ruwa kamar kabewa.

Mu Kabawa ne, zuriyar Kanta, sarkin Kabi da ya yi zamansa a Surame. Bayan jihadi ya ci Birnin Kebbi a 1805, sarakunanmu suka dawo Argungu, aka daɗe ana gwabzawa da Sakkwato. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin bikin kamun kifi, gaba ta mutu. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya.

Yau shinkafa ta fi kifi kawo kuɗi, ga injinan ban ruwa ko'ina a fadama, abin da ke damuna kuwa yadda gulbin ke ƙafewa da wuri. In ka zo hutu zan kai ka gidan tarihi na Kanta, daga nan mu gangara bakin ruwa. Ka gaida mahaifiyarka.