Tambayoyinku: Anya mutum dubu ɗaya za su iya magana da yawun miliyoyi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah akwai abinda ya daɗe yana ɗaure min kai. Kullum sai naji a labarai ance binciken jin ra'ayin jama'a ya nuna kashi kaza cikin ɗari na mutanen wata ƙasa suna goyon bayan abu kaza, amma in ka bibiya sai kaga mutum dubu ɗaya ko biyu kawai aka tambaya a ƙasa mai mutum miliyan hamsin. Ni dai ba a taɓa tambayata ba, kuma ban san wanda aka taɓa tambaya ba. Anya ba shaci-faɗi bane? Daga wata ɗalibar jami'a.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, gaskiya naji daɗin tambayar nan sosai. Ba shaci-faɗi bane in dai anyi aikin yadda ya kamata, akwai reshe guda na ilimin ƙididdiga da aikinsa kenan, a ɗauki samfuri kaɗan a fahimci yanayin jama'a gaba ɗaya. Kinga in likita zai gwada jininki ai ba duka yake zuƙewa ba, ɗan abinda ke cikin sirinji ya ishe shi, saboda jinin a gauraye yake. To mutane kam ba a gauraye suke ba, na birni daban na ƙauye daban, mai kuɗi daban talaka daban, shi yasa dole a zaɓo waɗanda za a tambaya ta hanyar ƙuri'a irin ta canki-canka, yadda kowa zai samu damar faɗowa ciki ba wai wanda mai binciken yaga dama ko wanda ya fi sauƙin samu ba. Nan ne gaba ɗaya maganar take.

In an zaɓo mutum 1,000 haka, lissafi ya nuna tazarar kuskuren kusan maki 3 ne sama ko ƙasa. Wato in ance kashi 52 na goyon bayan abu, karanta shi a matsayin tsakanin 49 da 55. Kuma ko wannan ma ba rantsuwa bace, ma'anarsa da za a maimaita binciken sau 100 da sabbin mutane, kusan sau 95 tazarar zata kama ainihin adadin, sauran kuma ta kuskure. Shi yasa raina ke ɓaci in naga an buga babban kanu wai wane ya sha gaban wane alhali 51 da 49 ne, wannan ai kunnen doki ne har yanzu. Abinda ke ba mutane mamaki kuma shine yawan jama'ar ƙasar kusan bai shiga lissafin ba, miliyan biyar ne ko miliyan ɗari biyu, dubu ɗayan nan kusan aiki iri ɗaya zata yi. In kina so ki rage kuskuren zuwa rabi sai kin ninka mutanen sau huɗu, 4,000 kenan, shi yasa yawanci ake tsayawa a dubu ko dubu biyu don wahalar da kuɗin sun fi ribar.

Zancen ba a taɓa tambayarki ba kuwa, mutum 1,000 cikin miliyan 50 ai ɗaya ne cikin kowane 50,000, ba abin mamaki bane.

Amma shakkarki tana da tushe fa, don an taɓa yin babban abin kunya. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta sanar cewa Alf Landon zai kayar da shugaba Franklin Roosevelt da kusan kashi 57. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya samu kusan kashi 61, Landon jihohi biyu kacal ya ci cikin 48. Me ya faru? Sunayen daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci aka kwaso da yawansu, a lokacin da tattalin arziki ya karye talaka bashi da tarho balle mota, sannan waɗanda suka damu suka mayar da takardar galibi masu jin haushin Roosevelt ne. George Gallup kuwa, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da mutane kusan 50,000 ya faɗi daidai wanda zai ci. Mujallar bata wuce 1938 ba ta rufe.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, naga ana yawan yin ƙuri'ar jin ra'ayi a Facebook da X, dubban mutane su danna. Tunda sun fi dubu ɗaya yawa ai sun fi inganci ko? Daga wani mai karatu.

AMSA: A'a ɗan'uwa, ko kaɗan. Can mutane ne suka kawo kansu, mabiyan mai shafin ne da abokansu, masu waya da data, wani ma ya danna da akawun biyu ko uku. Ko miliyan suka kai ra'ayin waɗanda suka danna kawai ka sani, kuma lissafin tazarar kuskuren nan baya aiki a kansu sam tunda ba ta hanyar canki-canka aka zaɓo su ba. Duk binciken da ka gani ka nemi sanin wa ya biya kuɗinsa, yaya aka zaɓo mutanen, nawa ne suka ƙi amsawa, da kuma yadda aka tsara tambayar kanta, don canza kalma ɗaya tana iya juya amsar mutane. In masu binciken basu bayyana waɗannan ba, ni dai shawarata kar ka tura wa kowa shi.